Kalmomin Turanci Masu Ruɗa Kunne

Ya ku ɗalibai, a Hausa ma muna da irin wannan matsala. Garin da muke zaune da garin tuwo rubutunsu ɗaya ne, haka kukar miya da kukan yaro. Lafazi ne ke raba su. Turanci kuwa ya juya abin: sauti ɗaya, rubutu dabam.

Ku dubi principal da principle. Na farko shugaban makaranta ne, na biyu ƙa'ida ce. Wanda ya rubuta takardar neman aiki ya ce "The Principle" ya kada kansa tun a layin farko. There kuwa wuri ne, shi ya sa here ke ɓoye a cikinsa. Their na mallaka ne. Week mako, weak rauni.

Amma inda mu 'yan Sakkwato muka fi shan wuya shi ne p da f. Hausa ba ta raba su, kuma a Gidan Dare yaro yakan ce "hwari" da "tahi" maimakon fari da tafi. Don haka pull da full, ko pan da fan, sukan zama ɗaya a kunnensa, alhali ga Bature ba su ma yi kama ba. Jarrabawar WAEC tana da takarda guda a kan lafazi, kuma nan ne maki ke zubewa.

Ku riƙe takarda gaban baki. In kun ce pan za ta yi tsalle. In kun ce fan, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Ku gwada kafin a dawo hutu.