Ƙofar Zaure da Ƙofar Ɗaki: Darasi Kan Izinin Shiga Foldar Ofis

Sanin kowa ne aikin ofishin hakimi aikin takarda ne: rajistar dagatai da masu unguwanni, takardun iyakar gonaki, sulhun manoma da makiyaya, da wasiƙun da ke kai da kawowa tsakanin gunduma da fada da ƙaramar hukuma. A da duk waɗannan a kabad suke, mabuɗi kuwa yana aljihun malami. Yanzu ofishin da ya sami kwamfuta biyu ko uku yakan haɗa su, a ware folda guda, watau jakar da ake tara takardu a cikin na'ura, a ajiye ta a kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa shiga suna ɗauka. Dabara ce mai kyau, sai fa ranar da na'ura ta ce ba izini, ga kuwa talaka ya yi sammako yana zaune yana jiran takardarsa.

A ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Mai gyaran da zai tashi daga birnin Kano zuwa Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, sai ya bi ta Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, yini ya tafi ke nan. Alhali kuwa yawancin wannan matsala malami yana iya warware ta da kansa in ya bi ta daki-daki.

Abin da zai fara tantancewa shi ne, ba a ga gidan ba ne, ko kuwa an je an tarar da ƙofa a kulle? In kwamfutar da ke riƙe da folda ba ta bayyana ko kaɗan, to ba maganar izini ba ce. Ya duba ko tana kunne, ko waya ta zare, ko kuma Windows ta ɗauki hanyar ofis a matsayin ta jama'a, gama in ta ɗauke ta haka takan ɓoye na'urar. Sai a mai da ita ta cikin gida. Wani lokaci tsufa ne. Yaren da kwamfutoci ke musayar takardu da shi ana ce masa SMB, kuma tun 2017 kamfanin Microsoft ya daina saka na farkonsa a sababbin Windows. Kada malami ya yarda a maido da shi don a lallaɓa wata tsohuwar na'ura, domin ta nan cutar WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017, ta kulle takardu a ƙasashe kamar 150, har da asibitocin Ingila.

To, in an ga folda amma ta ƙi buɗuwa, ko ta buɗu amma ta ƙi karɓar gyara, nan ne ainihin darasin. Folda da aka raba a Windows ƙofa biyu gare ta. Ta farko ita ce izinin rabawa, wadda ke kamar ƙofar zaure: duk wanda ya zo daga wata kwamfuta tilas ya bi ta nan. Matakanta uku ne, karatu kawai, ko karatu da gyara, ko cikakken iko. Ta biyu ita ce izinin tsaro da ke jikin faifan ajiya mai tsarin NTFS, kamar ƙofar ɗaki, wadda ke aiki a kan kowa, baƙo da ɗan gida. Ƙa'idar kuwa ita ce, in ƙofofin nan biyu suka saɓa, wadda ta fi ƙunci ita ke yin hukunci. Wanda aka ba cikakken iko a ɗaki amma aka ba shi karatu kawai a zaure, karatu kawai zai samu. Haka kuma wanda aka wangale wa zaure amma ba sunansa a ƙofar ɗaki, a tsakar gida zai tsaya.

Saboda haka malamin da ke zaune gaban kwamfutar da foldar take ba ya ganin laifin komai, domin shi ɗan gida ne, ba ya bi ta zaure. Sai ya ce wa abokin aikinsa ai ga ta nan tana buɗuwa, su yi ta gardama a banza. Lalle ne a yi gwaji daga ɗaya kwamfutar, da sunan mutumin da aka hana. Sa'an nan a buɗe bayanan folda, a duba shafin rabawa, a duba shafin tsaro, kowanne dabam. A kan tarar zaure yana kan karatu kawai, don a nan na'ura kan bar shi in ba a sauya ba. A lura kuma da layin hani. Hani da aka rubuta ƙarara yana rinjayar izini, ko da mutum yana cikin wani rukuni da aka yardar wa. In an sa mutum cikin sabon rukuni, sai ya fita daga na'ura ya sake shiga kafin abin ya kama.

Har wa yau akwai tambayar wane ne ke sallama. A ƙaramin ofis kowace kwamfuta sunayen da aka yi wa rajista a cikinta kaɗai ta sani. Tilas a buɗe wa kowane ma'aikaci suna da kalmar sirri a kwamfutar da ke riƙe da folda. Sunan da ba shi da kalmar sirri Windows ba ta barinsa ya shigo daga nesa. In kuwa an sauya kalmar jiya, yau aka wayi gari an kulle, to ɗaya na'urar ce ta haddace tsohuwar tana ta miƙawa. Sai a shiga ma'ajiyar kalmomin sirri a share ta.

Wani abin da ke rikita malamai shi ne takarda guda ta ƙi buɗuwa, sauran kuwa lafiya. Sau da yawa dalilin shi ne an ɗauko ta ne daga wata folda a faifai ɗaya, ta taho da tsohon izininta. Wadda aka kwafa kuwa takan gaji izinin sabon gidanta. Haka nan in mai gyara ya share Windows ya sake zubawa, ya buɗe suna irin na da, na'ura ba ta ɗauke shi mutum ɗaya ba, gama ita lamba take bi, ba suna ba. Sai mai kula da na'urar ya karɓi mallakar foldar, kana ya raba izini sabo. Filashi mai tsarin FAT32 kuwa ba shi da ƙofar ɗaki sam, duk wanda ya tsince shi ya karanta.

In aiki ya matsa, hanya mafi sauƙi ita ce a ba rukunin kowa da kowa cikakken iko a ƙofofin biyu, nan take matsala ta gushe. Wannan ne hakimai ya kamata su hana. A ce takardar sulhun iyakar gona ce a bakin ruwan Tiga, inda ƙasa ta yi daraja tun da aka gama madatsar a 1974. In kowa na iya gyara ta, ranar da aka tarar an sauya suna ko an matsar da iyaka, ba wanda za a tuhuma, kuma maganar ofis ta zube a gaban jama'a da gaban alƙali. Ban da haka, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Masana da yawa kan sassauta zaure ga ma'aikatan ofis duka, su tsananta a ƙofar ɗaki, don wurin dubawa ya zama ɗaya. Wannan ba laifi. Wangale duka biyun shi ne ɓarna.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ba da izini ga muƙami, a yi rukunin masu gyara da rukunin masu karatu, a riƙa sa mutane ana cirewa. Ma'aikata suna sauyawa, har ma hukumar da ake kai wa rahoto takan sauya: a 2019 an sa waɗannan ƙasashe huɗu ƙarƙashin sababbin masarautu, a 2024 kuma aka soke dokar da ta yi haka. Ya kamata hakimi ya sa a buɗe littafi na takarda, a rubuta sunan kowace folda, da wanda ke karantawa, da wanda ke gyarawa, da ranar da aka ba shi. Ranar da aka yi wa malami canjin wurin aiki, a rufe sunansa a na'ura kafin ya miƙa mabuɗin kabad, hakimi ya sa hannu a littafin.