JININ DA KE ZUWA BAYAN ƊAUKEWAR HAILA

Darasinmu na wannan mako ya shafi iyayenmu mata ne, musamman na karkara irin su Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana, inda kunya kan hana dattijuwa faɗin abin da ke damun ta.

A cikin Suratur Rum, aya ta 54, Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana cewa ɗan Adam yana farawa da rauni, ya yi ƙarfi, sa'an nan ya koma ga rauni da furfura. Likitoci sun gano ɗaya daga cikin sabubban haka, wato raguwar wasu sinadarai da jiki ke zubawa cikin jini, waɗanda ake kira homon. Ga namiji, nasa yana raguwa sannu a hankali. Ga mace kuwa, sinadarin istirojin yakan ragu ƙwarai tsakanin shekara 45 da 55, haila ta ɗauke. Daga nan sai jin zafi ya riƙa taso mata, da gumin dare, da rashin barci, ƙashi kuma ya yi rauni har ƙaramar faɗuwa ta jawo karaya. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma iska ba ce.

Shari'a ba ta bar wannan hali ba. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 4, ta sanya iddar wadda ta ɗebe tsammanin haila wata uku. Malaman Malikiyya kuma sun ce jinin da 'yar shekara 70 ta gani ba haila ba ne, kada ta bar salla ko azumi dominsa. Tsakanin 50 da 70 kuwa, sai a tambayi mata masana al'amarin.

To, amma hukuncin salla daban, lafiyar jiki daban. In mace ta cika wata 12 ba haila, sa'an nan jini ya dawo, to a gaggauta kai ta asibiti, domin wani lokaci alamar sankarar mahaifa ce, wadda ta fi jin magani in an tare ta da wuri. A fara da Babban Asibitin Batsari, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Ya ku 'ya'ya, wannan yana cikin kyautata wa iyaye. Uwa ba za ta faɗa wa ɗanta ba, sai a sa 'ya ko suruka ta tambaye ta cikin ladabi.

Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.