Yadda Ake Tsayar da Zubar Jini Bayan Haihuwa a Asibiti

Mutanenmu kan ɗauka cewa da zarar jariri ya faɗo, ya tsala kuka, an rangaɗa guɗa, to, an rabu da wahala ke nan. Alhali kuwa ma'abota ilmin ungozomanci sun tabbatar da cewa sa'o'in farko na bayan sauka su ne mafi hatsari ga mai jego, domin zubar jini, wanda shi ne babban sanadin rasuwar mata wajen haihuwa, yana iya gamawa da lafiyayyar mace cikin sa'a biyu kacal.

Saboda haka ba a jiran sai jini ya ɓalle. Cikin minti guda da fitowar jariri ungozoma za ta yi wa uwar allurar oksitosin a cinya, don mahaifa ta tsuke ta matse jijiyoyinta, sa'an nan ta taimaka mabiyiya ta fito, ta dudduba ta da kyau, kada wani yanki ya maƙale a ciki.

Daga nan sai awo, kuma a ganina nan ne asirin al'amarin yake. Ƙa'idar likitoci ita ce, jinin da ya kai rabin lita, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda, ya zama abin tsoro. Amma ido maƙaryaci ne: zane ya sha, katifa ta sha, wani ya kwarara ƙasa, har ƙwararriyar ungozoma ta ce bai taka kara ya karya ba, alhali matar tana ƙarewa a gabanta. Don haka ake shimfiɗa mata wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru inda za a karanta adadinsa, ba a ƙiyasta shi ba.

Idan ya kai haddi, sai a yi kiran taimako, a haɗa magunguna gaba ɗaya, maimakon tsohuwar al'adar gwada wannan a jira, a gwada wancan. Ɗaya daga cikin masu taimakon tana murza marar matar har mahaifa ta yi tauri, tun da yake sakin mahaifa ne ke haddasa galibin zubar. Wata ta sa ƙarin ruwa, ta ƙara oksitosin, ta ba da giram 1 na maganin taranesamik ta jijiya, wanda fa'idarsa ke gushewa in an wuce sa'a 3 da haihuwa. A zuƙe fitsari, a haska fitila a nemi yagewa a ɗinke. Wannan tsari an jarraba shi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, kuma sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna mummunan zubar jini da abin da ke biyo shi sun ragu da kimanin kashi 60 cikin 100.

In jini ya ƙi tsayawa, akan cusa balan-balan cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin, in kuwa wannan ma ya faskara, sai ɗakin tiyata, inda wani lokaci lalura kan tilasta cire mahaifar ɗungum, don ceton rai ya gabaci neman ƙarin zuriya. Shi kuwa jariri, a tsane shi, a lulluɓe, a sa shi a nono da zarar uwar ta farfaɗo, domin jaririn da ya rasa uwa shi ma ransa na cikin hatsari.

Abu ɗaya ne likita ba ya iya ƙerawa, wato jinin da za a mayar mata. Maigida, in matarka ta shiga watanta, je ka asibiti da 'yan'uwanka biyu a gwada jininku a ajiye tun naƙuda ba ta tashi ba.