Magani Mai Aiki Dukiyar Jama'a Ne



Da yawanmu muna tuna zamanin kulorokwin. Da kuɗi kaɗan mutum zai saye ta ya sha, zazzaɓin cizon sauro ya sake shi. A hankali sai ta daina aiki, domin ƙwayar cutar ta saba da ita. A 2004 gwamnatin Ghana ta canja tsari, aka koma haɗin magunguna da suka fi ta tsada. Babu mutum ɗaya da ya kashe kulorokwin. Yawan shanta a ƙasashe da dama, sau da yawa ba bisa ƙa'ida ba, shi ya taimaka wa ƙwayar da ba ta jin magani ta yaɗu.

Yau hanyar nan muke bi da magungunan kashe bakteriya, irin su amoxicillin da tetracycline. Wani zai shiga kemis a Nima ko Aboabo ya sayi kafso huɗu saboda mura, alhali mura ta bairos ce, kafson ba ya taɓa ta. Uwa za ta ajiye ragowar maganin yaro don ƙaninsa. Mai kiwon kaji zai zuba musu a ruwa kullum. Kowa yana da dalilinsa: kuɗi sun yi kaɗan, layin asibiti ya yi tsawo, kasuwa ba ta jira.

To, ga abin da ke faruwa. Duk sanda aka sha maganin, ƙwayoyi masu rauni sukan mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Su ne ke bin hannu, bayan gida da kwata su shiga gidan maƙwabci, har ga wanda bai taɓa shan kafso ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun 1945. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala.

Asarar ta kai har aljihu. Ciwon da kafso mai araha ke warkarwa ya koma sai allura da kwanciya a asibiti. Mai jinya ya rufe shago, jari ya karye, dangi su shiga karo-karo.

Amma da yayyafi kogi kan cika. Yadda zubin adashi ke haɗuwa ya zama jari, haka kiyayewar kowane gida. Kada mu sha irin wannan magani sai likita ya rubuta. Mu sha shi yadda aka faɗa, kada mu raba da wani. Zazzaɓi kuwa, a gwada jini tukuna. Mu kai yara rigakafi, mu riƙa wanke hannu da sabulu. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya gaya wa mai ba da magani gaskiya, kuma mu sabunta katin NHIS kan lokaci.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.