Shuɗaɗɗen Lokaci Iri Biyu a Harshen Turanci

Turanci shi ne harshen da ake rubuta yawancin takardun gwamnati da shi a Nijeriya. Saboda haka ma'aikacin da ke rubuta rahoto, da mai ba da shaida a kotu, da ɗalibin da ke shirin jarrabawa, duk wajibi ne su san yadda ake ba da labarin abin da ya wuce. Akwai hanyoyi biyu da suka fi rikita mai koyo.

Hanya ta farko ita ce ake kira past simple, wato aikin da aka yi aka gama. Galibi ana ƙara -ed a ƙarshen aikatau, kamar walk ya koma walked. Amma waɗansu sukan sāke kama, kamar go ya koma went, write ya koma wrote. Waɗannan sai a haddace su. Alal misali: "Nigeria became independent in 1960." Idan tambaya za a yi ko korewa, sai a kawo did, aikatau kuwa ya koma asalinsa. Daidai ne a ce "He did not go", kuskure ne a ce "He did not went".

Hanya ta biyu ita ce past continuous, wato aikin da ake cikin yinsa a wani lokaci da ya wuce. Ana kawo was ko were, sa'an nan aikatau mai -ing. Was na tafiya da I, he, she, it, shi kuwa were da you, we, they.

A nan ne Bahaushe ya kan yi tuntuɓe. A Hausa "yana barci" bai sāke ba, ko yanzu ake nufi ko jiya. Turanci kuwa sai an nuna lokacin. Don haka "yana barci na iso" fassararsa ita ce "He was sleeping when I arrived", ba "He is sleeping" ba.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A ce mota ta buge mutum, aka kira shaida. In ya ce "When the police arrived, the driver was running away", ya nuna direba ya riga ya fara gudu kafin 'yan sanda su iso. In kuwa ya ce "the driver ran away", to, sai da suka iso ya gudu. Alƙali zai fahimci abu biyu dabam, alhali shaida abu ɗaya ya gani.

Har ila yau, aikatau irin su know da believe ba a cika sa musu -ing ba. "I knew him" ake cewa.

Ya kamata mai koyo ya riƙa rubuta jimla biyar kowace rana game da abin da ya yi jiya, ya kai wa malami ya duba. Yau da gobe ba ta bar kome ba.