Kafin Ka Sayi Mota a Birtaniya, Tambayi Kuɗin Inshora

'Ya'yana da ke karatu ko aiki a Birtaniya, na san da yawanku kun ƙosa ku mallaki mota, musamman masu fita aikin dare da waɗanda ke zaune inda bas ba ta cika zuwa ba. Buri ne mai kyau. Sai dai a can, kuɗin inshorar shekara guda na sabon direba kan kamo kuɗin tsohuwar motar da ya saya, wani lokaci ma ya zarce. Akwai hanyoyin halal na rage wannan nauyi, kuma duk suna bukatar haƙuri da gaskiya.

Ɗana, fara da sanin matsayinka. Lasisin Najeriya ko na Nijar wata 12 kawai yake yi maka aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba a musanya shi da nasu. Sai ka nemi lasisin koyo, ka ci jarrabawar tambayoyi da ta kan titi. Ko ka shekara goma kana ratsa cunkoson Kano, yawancin kamfanoni a sabon hannu za su ɗauke ka. Lissafinsu ya nuna matasa da sababbin direbobi sun fi yin haɗari, shi ya sa ake tsawwala musu.

Babban rangwame yana wajen zaɓen mota. An kasa motoci rukuni-rukuni daga 1 zuwa 50, bisa ƙarfin inji da tsadar gyara da sauƙin sata. Ƙananan motoci irin su Hyundai i10 ko Volkswagen Polo mai ƙaramin inji suna can ƙasa. Idan ka je duba mota, kada ka miƙa ko fam ɗaya sai ka rubuta lambarta, ka zauna ka shigar da ita a shafukan kwatanta farashi irin su Confused.com ko Compare the Market. Cikin 'yan mintoci za ka ga abin da tsohuwar BMW da ta burge ka za ta ci maka a shekara. Kuma ka bar motar yadda kamfani ya ƙera ta. Canjin ƙafafu ko salansa mai ƙara dole ne a sanar da mai inshora, kuma yakan ƙara kuɗi.

Kada ka raina 'yar na'urar nan da kamfanoni ke maƙala wa mota, ko manhajar da suke sa wa a waya. Tana lura da gudunka, da yadda kake taka birki, da yadda kake shan kwana, da lokacin da kake fita. Mai natsuwa yana cin ribarta. Amma idan aikin dare kake yi, karanta sharuɗɗan da kyau, domin wasu kamfanoni suna rage maki kan tuƙin tsakar dare.

Nemi farashi kamar mako uku kafin ranar da kake bukata, ya fi sauƙi a kan na ranar gaggawa. In da hali biya na shekara gaba ɗaya, domin biyan wata-wata bashi ne mai kuɗin ruwa. Tambayi farashin cikakkiyar inshora, don sau da yawa ta fi wadda ke biyan ɓarnar wani kaɗai araha. Za ka iya ƙara kason da za ka biya daga aljihunka idan an yi haɗari, farashi ya sauka, amma kada ka ambaci abin da ba ka da shi a ajiye. Sa sunan yayanka ko kawunka mai daɗaɗɗen lasisi a matsayin direba na biyu ma yana taimakawa, muddin da gaske yakan tuƙa motar.

Ga inda nake roƙon ka ka yi hattara. Wani zai ce a rubuta kawu a matsayin babban direba alhali kai ne mai hawa kullum, ko a ba da adireshin ƙauye alhali a Birmingham motar ke kwana. Wannan zamba ce a dokarsu, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka yi haɗari kamfani zai bincika, ya soke takardar, kuma duk inda ka je neman wata sai an tambaye ka ko an taɓa soke maka. Haka kai saƙon abinci don kuɗi, inshorar hawa ta yau da kullum ba ta ɗauke shi ba. Ka kuma guji dillalan bogi da ke tallar inshora rabin kuɗi a Instagram da WhatsApp. Duba sunan dillali a rajistar hukumar FCA, ka duba lambar motarka a shafin askMID don tabbatar da tana da inshora.

Wanda aka kama ba inshora, tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi a kan lasisi, kuma 'yan sanda na iya ƙwace motar. Maki 6 cikin shekara biyun farko bayan cin jarrabawa yana soke lasisi, sai an sake komai daga farko.

Shekarar farko ce mai ɗaci. Kowace shekara da ka kammala ba ka nemi diyya ba, rangwamenka ƙaruwa yake yi. Sayi ƙaramar mota, faɗi gaskiya a takarda, ka tuƙa a hankali. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da ku lafiya.