Wace bishiya za ka rena in a Tozai kake?

Ɗalibi, in kana shirin buɗe wurin renon dashe bayan difloma, kar furannin da ake jerawa a bakin titin Sakkwato su ruɗe ka. A Tozai da ƙauyukan Isa da Sabon Birni damina wata uku zuwa huɗu ce, ga awaki.

Manomi gawo yake so. Yana kaɗe ganye da damina, gero ya samu rana da taki, da rani 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Sai dai irinsa tauri gare shi: jiƙa shi a ruwan zafi kafin ka sa a leda, kuma kar ya daɗe ciki, saiwarsa doguwa ce.

Dogonyaro kuwa na makaranta da kasuwa ne. In za ku raba shi kyauta lokacin hutu, ku kai a Yuli, haɗe da ƙayar shinge.